Tabki ko kududdufi? Ruwan tsakiyar gari da sunayensa a hausar Magarya da Dungas

0. Gabatarwa

Wanda ya sauka Magarya a ƙarshen damina, ya bar bakin kwalta ya kutsa cikin unguwanni, ba zai yi nisa ba sai ya ga hanya ta karkace don ta kewaye wani ruwa. Ruwa ne kwance, kore shar saboda kainuwa, gidaje sun ba shi baya, bunsuru na kiwo a gefensa, yara na jifar kwaɗi. In an tambayi ɗan makaranta sunan wannan wuri da faransanci, nan take zai ce « mare ». In aka ce ya faɗa da hausa, sai ya ce tabki. Amma in aka tambayi kakansa, sau da yawa wata kalma ce za a ji: kududdufi.

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu nuna cewa kalmomin nan biyu ba abu guda suke nufi ba, kuma bambancin da ke tsakaninsu ba na karin harshe ba ne kawai. Kududdufi ruwa ne da hannun mutum ya yi wa mazauni, ko da yake ba don ruwan aka yi ramin ba. Kalmar tana ɗauke da tarihin yadda aka gina garuruwan ƙasar Hausa, kuma idan ta faɗi daga bakin masu fassara da masu rubuta littattafan makaranta, akwai wani sani da zai faɗi tare da ita. Misalanmu mun ɗauko su daga hausar da ake yi a gundumomin Magarya da Dungas, kudu ga Damagaram, amma dole mu leƙa Birnin Damagaram da Birnin Kano, domin can ne al'amarin ya fi fitowa fili. Ba mu sa alamar karin sauti ko ta tsawon wasali ba, don bahasin bai dogara a kansu ba.

1. Tabkunan birane a wasu ƙasashe, da namu

Akwai birane da dama a duniya da ake kai baƙo ya ga tabkin da wani sarki ya sa aka yi a tsakiyarsu. A Haidarabad ta ƙasar Indiya akwai Hussain Sagar, wanda aka datse a ƙarni na 16. A Kandi ta Siri Lanka, sarkin ƙarshe na wannan daula ya sa aka yi tabkin garin a 1807. A nahiyarmu ana iya ambaton tabkin Anosy na Antananarivo, na ƙarni na 19, da tabkin birnin Yawunde na farkon shekarun 1950. Duk waɗannan da niyya aka yi su: an so ruwa, ko an so ƙawa, aka tara ma'aikata aka tare kwari.

Baƙon da ya zo garuruwanmu yana neman irin wannan zai koma yana cewa babu. Mu kuwa muna ganin akwai, sai dai hanyar da aka bi ta samuwarsu daban ce. Ba sarkin da ya tara jama'a ya ce a yi masa tabki a tsakiyar birni. Abin da sarakuna suka ce shi ne a yi ganuwa, a yi fada, a yi masallaci. Talakawa kuma suka yi ɗakuna da katangu. Ƙasar da aka yi waɗannan gine-gine da ita ba daga nesa aka ɗauko ta ba, tun da jaki da kan mutum ne abin ɗauka. Inda aka ɗebe ta ya zama rami, damina ta zo ta cika shi. Ashe ke nan kowane gari na ƙasa yana da siffa biyu, wadda ta tashi sama da wadda ta nutsa ƙasa, kuma girman ɗaya gwargwadon girman ɗayar ne.

2. Aikatau « gina »

Harshen kansa ya riga mu lura da wannan. Mu dubi waɗannan jimloli, waɗanda kowane mutumin Magarya zai karɓa ba gardama:

(1) Sun gina ɗaki. « Ils ont construit une case. »
(2) Sun gina rijiya. « Ils ont creusé un puits. »
(3) Gafiya ta gina rami. « Le rat a creusé un trou. »
(4) Ya tafi ginar rogo. « Il est parti déterrer du manioc. »

Faransanci yana bukatar aikatau uku a nan, construire da creuser da déterrer. Hausa saiwa guda ta yi amfani da ita. A (1) zuwa (3) aikatau ɗin na aji na ɗaya ne a tsarin da Parsons ya fito da shi a 1960. A (4) kuwa na aji na biyu ne, wanda ke nuna ciro wani abu daga cikin ƙasa, shi ya sa ake cewa « ya gini rogo », « ya gine shi ». A hausar Kano ta yau, haƙa ta karɓe mafi yawan aikin (2) da (3), amma ko a can tsohuwar ma'anar tana nan cikin karin maganar da ke gargaɗin mai gina ramin mugunta da ya gina shi gajere. A wajenmu kuwa gina rami magana ce ta yau da kullum.

Ɗalibi mai tunani da faransanci yakan ɗauki wannan a matsayin kalma mai ma'ana biyu masu karo da juna, ya rubuta « gina 1 » da « gina 2 » kamar dai kalmomi ne da suka yi kama bisa tsautsayi. Ba mu yarda da wannan rabo ba. A wurin magini aikin guda ne: ya tona ƙasa, ya jiƙa ta, ya kwaɓa ta da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, ya cura tubali, ya shanya, ya ɗora. Ba ya iya ɗorawa sai ya tona. Maginiyar tukunya ma haka take, daga ramin yumɓu aikinta yake farawa, kuma sunanta daga wannan saiwa ya fito. Saboda haka ma'anar asali ita ce sarrafa ƙasa da hannu, a rage ta nan a ƙara ta can, karɓau ne ke nuna gefen da mai magana yake kallo. Idan karɓau ɗaki ne, ana kallon abin da ya tashi. Idan rijiya ce, ana kallon abin da ya nutsa. Kududdufi shi ne wurin da gefen biyu suka haɗu, domin shi ne ramin da aka gina lokacin da ake gina gari.

Game da ƙirar kalmar, abin da za a iya faɗa kaɗan ne. Namiji ce, jam'inta kududdufai, kuma tana da ninkin gaɓa a tsakiya (ku-dud-du-fi) irin na kwazazzabo, wanda shi ma sunan wuri ne mai zurfi. Inda ake cewa tahi maimakon tafi, kududduhi za a ji. Ƙamusun Bargery na 1934 ya riga ya bayyana ta a matsayin ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Tabki kuwa, ana jin sa tabki, tapki ko tafki, kuma yana da wani abin sha'awa ga masu nazarin sauti: dokar da Klingenheben ya bayyana, wadda ta mai da sabro sauro, abduga kuma auduga a hausar gabas, ba ta taɓa shi ba. Bakano tafki yake cewa, baleɓen yana nan daram. Wannan zance ne na wata rana.

3. Ganuwa da raminta

Kafin mu shiga tarihi, bari mu yi ɗan lissafi na misali, don a ga yawan ƙasar da ake magana a kai. A ɗauki ganuwa mai tsawon mita 1.000, matsakaicin kaurinta mita 4, tsayinta mita 6. Ƙasar da ta ci ita ce mita kubik 24.000. In an ɗebi wannan ƙasa daga rami mai zurfin mita 2, faɗin ramin zai wuce eka ɗaya ta faransawa, wato hekta guda da ɗoriya. Wannan kilomita ɗaya ke nan tak, ba a sa gidaje ba, ba a kuma sa yaɓen da ake sakewa bayan kowace damina ba. Ɗaki ɗaya mai mita 4 kowane gefe, tsayi mita 3, kaurin bango rabin mita, yana cin kimanin mita kubik 24. A ninka wannan da yawan ɗakunan gari, a kuma ninka da ƙarnoni.

Kano ce babban misali. Tarihin Kano ya danganta fara ganuwar da Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda shi ne ya kafa kasuwar Kurmi a bakin Jakara. Jakara ba aikin mutum ba ce, rafi ce da fadama tun kafin birni. Amma lokacin da Clapperton ya shiga Kano a 1824, bai tsaya ga fadamar da ta kusan raba birnin biyu ba, ya ambaci kuma ramuka masu yawa na ruwa kwance, ya ce tonon ƙasar gina gidaje ne ya haifar da su. Barth, da ya zo a 1851, shi ma ya gan su. Abin lura shi ne, baƙon da ba ya jin hausa sosai ya rarrabe ruwan nan iri biyu, kamar yadda harshen mutanen garin ya rarrabe su. Wasu kududdufan Kano ma daga ganuwa suka samo suna, kamar Hauren Shanu da Hauren Wanki: haure shi ne inda ganuwa ta zube har ake ƙetarawa, sai sunan giɓin ya zama sunan ruwan da ke gindinsa.

A Damagaram, Sarki Tanimun, wanda ya yi mulkinsa mai tsawo daga 1851 zuwa 1884, shi ne ya kewaye Birni da ganuwar da har yanzu ake ganin guntayenta. André Salifou ya yi bayanin wannan zamani a littafinsa na 1971 a kan Damagaram ta ƙarni na 19. Garin yana zaune ne a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi masa ƙaranci, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da aka bayar lokacin da Turawan mulkin mallaka suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Daga baya sai daga nesa aka riƙa jawo wa garin ruwa, daga Gogo da Arunguza. A gari irin wannan, ramin da ke riƙe ruwan sama wata uku ko huɗu bayan ɗaukewar damina ba abin rainawa ba ne. Da shi ake gini, da shi ake shayar da dabbobi, marina da majema kuma ba su nisa da shi.

Magarya da Dungas ba su kai waɗannan birane girma ba, amma su ma garuruwan sarauta ne. Dungas, tare da Washa da Miriya, tana cikin ƙasashen Sosebaki, waɗanda suka bi Barno kafin Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Sarautar Magarya kuwa reshe ce ta gidan Haɓe na Daura, wanda jihadi ya tarwatsa a farkon wannan ƙarni, wasu suka zauna Zango, wasu Ɓaure. Abin da ya bambanta yankin da Damagaram shi ne ƙasa. Nan rairayi ne ya fi yawa, ba ko'ina ake samun ƙasar gini ba, sai an gangara inda laka ta kwanta. Ga shi kuma yankin Korama ne, inda ruwa ke kusa ƙwarai, har ana noman rake da garka a fadamun Bande da Washa. Sakamakon haka biyu ne. Na farko, magina sukan tona ne a wurin da dama can kwari ne, inda ruwa ke taruwa ko ba a tona ba. Na biyu, rami in ya yi zurfi yakan tarar da ruwan ƙasa, ya ƙi ƙafewa da rani. A nan ne iyakar da ke tsakanin kalmominmu biyu take fara dushewa, kuma a nan ne binciken ya fi daɗi.

4. Gidan kalmomin ruwa

Waɗanda suka yi karatu a Faransa sun san yadda Bernard Pottier ya rarrabe sunayen abubuwan zama, kujera mai hannu da marar hannu, mai jingina da marar jingina, ta hanyar ƙananan siffofin ma'ana. In muka gwada wannan dabara a kan sunayen ruwa, siffa ta farko da ke fitowa ita ce gudu. Kogi da gulbi da korama da rafi suna gudu, ko da na ɗan lokaci ne. Ana cewa gulbi ya kawo. Tabki da kududdufi ba su kawowa, cika suke yi, su ƙafe. Fadama ba sunan ruwan ba ne, sunan ƙasar da ke riƙe damshi ne. Rijiya aikin mutum ce, amma ruwanta daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa, kuma don ruwan aka gina ta. Madatsar ruwa, wadda ake kira dam a Nijeriya, baraji a wajenmu, ita ma don ruwa aka yi ta. Idan aka tace duka, kududdufi shi kaɗai ne ya haɗa siffofi uku: ruwansa kwance yake, mutum ne ya yi ramin, kuma ba ruwan aka nufa ba. Faransanci ba shi da kalma guda ta yau da kullum mai wannan ma'ana. Sai an yi doguwar magana, a ce « ancienne carrière de banco remplie d'eau ».

Aikatan da ke tafiya da kowace kalma suna tabbatar da haka:

(5) An yashe tabki. « On a curé la mare. »
(6) An cike kududdufi. « On a remblayé la mare. »
(7) Ya tafi kududdufi ɗibar ƙasa. « Il est allé chercher de la terre à la mare. »

Ba muna cewa ba a iya yashe kududdufi ko cike tabki ba ne. Muna cewa ne kunnen Bahaushe ya fi sabawa da su yadda muka jera su. Yasa aiki ne da ake yi wa abin da ake so ya ci gaba da ba da ruwa, kamar rijiya. Cikewa kuwa mai da wuri ne yadda yake a da, kuma ba a mai da abu yadda yake a da sai in an san an taɓa canza shi. A (7), in aka sa tabki a madadin kududdufi jimlar ba ta karye ba, amma mai sauraro ya fi tsammanin a ce ɗibar ruwa ko kamun kifi. A lura kuma cewa fassarar faransanci « mare » ce a duka ukun.

Sai dai tsarin Pottier yana da iyaka, kuma Korama ce ta nuna mana ita. Wata rana a Dungas muna zaune bakin wani ruwa tare da wani dattijo magini, muka ce masa: « Baba, wannan tabki ne ko kududdufi? » Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce: « Malam, gefen nan da muke zaune kududdufi ne, da idona na ga ana ɗibarsa. Can wajen giginyun nan kuwa tabki ne, haka muka tashi muka tarar da shi. » Ruwa guda ne, babu ko tudu a tsakani, amma ya ba shi suna biyu. Ashe siffar da muka kira « aikin mutum » ba a jikin ruwan take ba, a cikin tunawar mai magana take. Muddin akwai wanda ya san an tona, kududdufi ne. Ranar da masu wannan sani suka ƙare, in ramin yana da faɗi, yana kai rani, ya yi bado da tarwaɗa, sai ya wayi gari tabki, ba tare da ko ɗigon ruwa ya canza ba. Kainuwar da ake yi wa kirari da dashen Allah tana rufe ramin magina kamar yadda take rufe tabkin daji, ido ba ya rarrabewa.

Akwai kuma siffar daraja, wadda ba ta shiga jadawalin ƙari da ragi. Tabki kalma ce mai mutunci, har Cadi tabki ne, haka na Gidimuni. Kududdufi kuwa yana tafe da warin juji da kukan kwaɗi. Ba wanda ke alfahari da cewa gidansu yana bakin kududdufi. Mun lura matasa masu ilimin boko suna kauce wa kalmar ko da sun san ta, kamar dai ta ƙauye ce. Idan aka haɗa wannan ƙyama da al'adar makaranta ta ba kowace kalmar faransanci kalmar hausa guda, mare daidai da tabki, an sami hanyar da kalma ke bi ta mutu tun abin da take nufi yana raye.

5. Abin da ke cikin hasarar

Wani zai ce, to, mene ne a ciki? Harsuna kullum suna zubar da kalmomi. Gaskiya ne, kuma ba mu daga cikin masu kuka a kan kowace tsohuwar kalma. Amma wannan tana da aiki a gabanta.

Kududdufi yana da illa, ba ma ɓoye wannan. Matattarar sauro ce, yaran da ke wanka a ciki suna kamuwa da tsargiya, kuma akan yi rashin yara a cikinsa da damina, domin ramin magina ba ya gangarowa sannu kamar tabkin daji, gefensa a tsaye yake. A da, shan ruwa kwance shi ke kawo kurkunu. Binciken ƙasa baki ɗaya na 1991 ya ƙirga masu cutar fiye da 30.000 a Nijar, yankin Miriya yana cikin inda ta fi tsanani, sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da ita. Ko a nan bambancin kalma yana da amfani: malamin lafiya da ya ce wa iyaye su hana yara zuwa tabki, alhali ruwan da ke bayan gidansu kududdufi suke kiransa, ya yi gargaɗi a kan wani wuri dabam.

Saboda waɗannan illoli, da kuma tsadar fili, cikewa ake yi. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magarya mutum fiye da 570.000, ta ba Dungas, wadda aka mai da gunduma a 2011, fiye da 350.000, yanki ne mai cunkoso, kowane taƙi yana da mai so. Ana fara cikewa da shara, a bi da ƙasa, a yanka fuloti. Ginin siminti kuma ba ya bukatar ramin unguwa, don haka dalilin da ya sa ake barin ramin a buɗe ya kau. Abin da ba a lissafawa shi ne aikin da ramin yake yi ba tare da an sa shi ba. Mu sake yin lissafi na misali. Ruwan sama na milimita 50 a kan hekta guda mita kubik 500 ne. In unguwa tana da hekta 40, rabin ruwan kuma ya gudana bai nutse ba, an sami mita kubik 10.000 da ke neman wurin zuwa a dare ɗaya, wato cikin ramin hekta guda mai zurfin mita 1. Shekara da shekaru lunguna da magudanai sun karkata ne zuwa ga wannan rami. In an cike shi, gangaren bai canza ba, ruwan zai zo inda ya saba zuwa, ya tarar da ɗakuna. Damunar 2024, wadda a cikinta tsohon masallacin Birnin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe a farkon watan satumba, ta tuna wa kowa irin ruwan da sama ke iya saukarwa a kan ginin ƙasa cikin ƴan kwanaki.

Takardar ma'aikatar magajin gari da ta ce « mare » ba ta gaya wa mai karatu ko ɗaya daga cikin wannan ba. Wadda ta ce kududdufi ta gaya masa abu uku a kalma guda: cewa akwai ƙasar gini a wurin, cewa unguwar da ke kewaye daga cikinsa ta fito, cewa kuma ruwan unguwar nan yake sauka. Ta kuma buɗe tambayar mallaka, domin ramin da mutane suka tona yana da waɗanda suka tona shi, da wanda ya ba su izini, abin da ba a tambaya game da tabkin daji ta wannan fuska.

Tun 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa a Damagaram, ake fama da aikin samar da kalmomin koyarwa, kuma yawancin ƙoƙarin ya tafi ne wajen ƙirƙiro wa hausa abin da faransanci ke da shi. Ba a cika kula da ɗaya gefen ba, wato inda hausa ta fi faransanci rarrabewa, fassara kuma ta daidaita ta da ƙasa. Yanzu da dokar ƙasa ta watan maris 2025 ta ɗora hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki, takardun hukuma da za a juya zuwa hausa za su ƙaru, kuma mafi yawan masu juya su ɗalibanmu ne. In sun tashi daga « mare » kullum za su sauka a kan tabki.

Shawararmu ga masu aikin ƙamus da littattafan labarin ƙasa ita ce a raba shigar « mare » gida biyu tun daga gefen faransanci, a tilasta wa mai fassara ya zaɓa. Ga kuma « bassin de rétention », wanda injiniyoyi ke ginawa da gangan don tare ruwan sama a cikin gari, ba ma ganin bukatar aro: kududdufin tare ruwa ya wadatar, kowa zai gane, ƙarin « tare ruwa » kuma shi ke nuna cewa wannan karon ruwan aka nufa. Haka nan manyan ramukan da masu aikin hanya suka bari a gefen kwaltar Damagaram zuwa Magarya, inda suka ɗebi burji, sun cika sharuɗɗan nan uku, kuma makiyaya sun riga sun mai da su mashaya. Ga yadda muke ganin shigar za ta kasance a gefen hausa:

kududdufi (nam., jam. kududdufai, wasu kare-kare: kududduhi). Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ko ta hanya a cikinsa, wanda ruwan sama ke taruwa a ciki, galibi a cikin gari ko a gefensa. Far. : mare d'emprunt, ancienne carrière de banco en eau. Mis. : Magina sun koma kududdufi tun da ruwa ya ja baya. A bambanta da tabki. Dubi gina.